Yadda Ake Daidaita Sanyin Firiza Domin Kindirmo a Ƙasar Damargu

Duk wanda ya san ƙasar Damargu, tun daga Tanut, wadda ke kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, har zuwa Belbeji da kwarin Tarka, ya san Allah ya hore wa mutanenta gero da dabbobi, inda waɗannan biyu suka haɗu kuwa fura da nono su ne abincin yau da kullum. Sai dai ni'imar madara tana tafe da jarrabawa, domin a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan zarce digiri 40, kindirmon da ya kwanta lafiya da asuba kafin azahar ya yi tsami ya tsinke, har mai shi ta rasa yadda za ta yi da shi. Buzaye da Fulani sun daɗe da tasu hikimar, ta mai da madara cuku a shanya, amma mai sayar da kindirmo a cikin gari ba ta da mafita sai sanyi.

Asalin al'amarin shi ne, abin da ke kwantar da madara waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu cin zaƙin madara su mai da shi tsami, waɗanda ɗumi ke zaburar da su, sanyi ya sa su lafa. Saboda haka aikin yana da lokaci biyu, na ɗumi da na sanyi, kuma a Damargu ɗumi kyauta ne, sanyi ne ake saye da kuɗi.

Da farko a tace madara da ƙyalle mai tsabta, a ɗora ta a wuta ana motsawa har ta tafasa, wannan kuwa wajibi ne, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka da cutar bakkale daga dabba zuwa mutum, mai sayar wa jama'a abinci kuma amana ce a wuyanta. A sauke, a bar ta ta huce zuwa digiri 40 ko 45, wato gwargwadon yadda in an ɗiga ta a bayan hannu za a ji ɗumi ba ƙuna ba. Sannan a zuba kindirmon jiya mai kyau, kamar babban cokali biyu ga kowace lita, a gauraya, a rufe da faifai, a ajiye inda ba za a girgiza ba. Da bazara awa huɗu zuwa shida ya isa, alamarsa kuwa ita ce in an karkata ƙwarya a ga ya motsa gaba ɗaya, bai kwarara ba.

To, a nan ne wahalar take. Kindirmo yana son digiri 4 ko kusa da haka, alhali firiza irin mai murfi a sama, wadda ita ce aka fi samu a shaguna, an ƙera ta ne ta kai 18 ƙasa da sifiri, madara kuwa da ta sauka ƙasa da sifiri kaɗan sai ta daskare, in ta narke ruwa ya ware gefe guda, ta yi gudaji, laushin nan ya tafi. Da yawa sukan yi ta cirewa da mai da fulogi da hannu, wanda yake wahalar da mutum, ya kuma gajarta kwanan injin. Magani mai sauƙin kuɗi shi ne 'yar na'urar daidaita sanyi, irin STC-1000, wadda ba ta fi tafin hannu ba, a nemo ta wurin masu kayan lantarki na Damagaram ko Kano. Ita makunni ce kawai mai hankali: tana shiga tsakanin firiza da bango, ta ba da wuta in an yi ɗumi, ta yanke in sanyi ya kai. A ba mai gyaran wuta ya haɗa ta da soket a cikin akwatin roba, a tabbata ta wuta 220 ce, kada mai gida ya yi karambani, domin jefa kai cikin halaka ba tattali ba ne. Maɓallin firizar na asali kuma a murɗa shi zuwa ƙarshen sanyi, a bar wa sabuwar na'ura hukunci.

Saitinta huɗu ne. A F1 a sa 4, shi ne sanyin da ake nema. A F2 a sa digiri ɗaya ko biyu, tazarar da za a bari ɗumi ya hau kafin injin ya tashi, gama in tazarar ta yi ƙanƙanta zai riƙa tashi yana mutuwa ba hutawa. F3 jinkiri ne, a sa minti 5 ko fiye, kuma a ganina shi ne mafi girman fa'ida a wurin da wuta ke yawan ɗaukewa tana dawowa, saboda injin da aka tayar nan take bayan ya tsaya yana fama da matsin iskar cikinsa har ya ƙone. F4 na gyaran mizani ne: a cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, a tsoma kan awon na'urar, in bai nuna sifiri ba a gyara da yawan abin da ya saɓa.

Wannan kan awo, ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarshen siririyar waya, shi ne inda akasari ake kuskure. In an bar shi yana reto cikin iska, duk buɗe murfi sai ya ruɗe, in ya taɓa bangon firiza kuma sai ya yi shaidar sanyin da bai kai ga nono ba. A manna shi a jikin robar kindirmo ta tsakiya, a ɗora masa guntun soso, a ɗaure da roba, domin ya ji sanyin nono kaɗai. Robobin ma kada su jingina da bango, a kuma shimfiɗa katako a ƙasa, tun da ruwa zai riƙa taruwa a gindi, a riƙa share shi da tsumma kada ya yi funfuna.

Kafin a sa sabon kindirmo, a tsoma robobinsa cikin kwanon ruwan randa su rage ɗumi, wannan yana rage wa injin aiki ƙwarai, musamman ga mai dogaro da hasken rana da batir. Firizar ta zauna a inuwa, a bar kamar taki guda tsakaninta da bango. Mai sayen ta hannu ya duba takardar da ke manne a bayanta: harafin T yana nufin an yi ta domin zafi har digiri 43, N kuwa iyakarta 32, wadda bazarar Tanut za ta galabaita.

Duk gurbin da ya rage a cike shi da gorunan ruwa, su ne za su riƙe sanyi in wuta ta ɗauke, muddin ba a yawaita buɗe murfi ba. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin dare kan hana madara kwanciya, sai a juya aikin: a cire fulogi, a bar firizar ta huce, a jera robobin madara a ciki tare da goruna biyu ko uku na ruwan zafi, a rufe bayan isha'i. Da asuba a duba, in ya kwanta a fitar da gorunan, a bar murfi a buɗe ɗan lokaci ɗumin ya fita, sannan a mai da fulogi.