Walimar Japanawa: Me Zan Ci?

Tambaya: Anti, ina karatu a Ingila. Ɗalibai Japanawa sun gayyace mu walimar abincinsu, ni kuma ina tsoron cin abin da bai halatta ba. Ko in ƙi zuwa?

Amsa: Ki je, 'yata. Sai dai ki yi tambaya tun kafin ranar, kada ki bari sai an ajiye miki kwano.

Abu biyu za ki kiyaye. Na farko, romon taliyar ramen, musamman wanda suke kira tonkotsu, sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi. Na biyun ya fi ɓuya: mirin, ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, na asalinsa yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin 100, kuma yana shiga miya da gasasshen kifi. Nemi onigiri, curin shinkafa da gishiri, ki tambayi abin da aka cusa cikinsa.

Idan an ba ki tsinken cin abinci, kada ki kafa shi tsaye cikin shinkafa. Haka suke ajiye wa mamaci. In ya gagare ki, nemi cokali, ba abin kunya ba ne.

Ki riƙa musu dambun nama. Da shinkafarsu zai dace sosai.