Gida Mai Taya a Amurka: Abin Dubawa Kafin Ciniki

A birnin Mesa da ke jihar Arizona akwai unguwannin da ke cika maƙil da mutane a watan Nuwamba, su watse a watan Afrilu. Ƙananan gidaje ne jere reras, kowanne da baranda da rumfar ajiye mota, wasu har da tukwanen furanni a bakin ƙofa. Wanda ya durƙusa ya ɗaga allon da aka rufe gindin ɗaya daga cikinsu, zai tarar da tayoyi da ƙarfen shasi irin na tirela. A kasuwa ana kiran irin wannan gini "park model", kuma a wajen hukuma abin hawa ne na shaƙatawa, duk da cewa da yawa daga cikinsu tun ranar da aka sauke su ba su sake motsawa ba.

Mai wannan rubutu aikinsa shi ne duba irin waɗannan gidaje masu taya kafin a yi cinikinsu, kuma tambayar da ya fi sha daga baƙin da ba su daɗe da zuwa Amurka ba, har da 'yan Najeriya da 'yan Nijar, ita ce: tunda ga shi da araha haka, me zai hana mutum ya saya ya huta da biyan haya? Amsar tana cikin dokar da aka ƙera shi a kanta.

Ƙa'idar ƙirar, wadda ake kira ANSI A119.5, ta ce a ɗora shi kan shasi guda mai tayoyi, kuma girmansa gaba ɗaya kada ya wuce murabba'in ƙafa 400, wato kimanin murabba'in mita 37. Shi ya sa aka fi ganin mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 33 ko kusa da haka: ɗakin kwana ɗaya, falo haɗe da kicin, sai banɗaki. Masu ƙira sun iya dabara. Suna ɗaga rufin, su yi ɗan bene a sama wanda tsayinsa bai kai ƙafa 5 ba, don irin wannan ba ya shiga lissafin faɗi. Jikoki na murna da shi, babba kuwa sai da rarrafe. Jihar Florida ta yarda a kai murabba'in ƙafa 500 idan an bi ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya, Kanada kuma tana da tata ƙa'idar, CSA Z241, mai iyakar murabba'in mita 50.

Wannan iyaka ta 400 tana da tarihi. A 1974 majalisar Amurka ta yi dokar gidajen da ake ƙerawa a masana'anta, ƙa'idojinta suka fara aiki a watan Yuni na 1976 a ƙarƙashin ma'aikatar gidaje, HUD. Duk gidan masana'anta da aka yi don zaman dindindin dole ya bi waɗannan ƙa'idoji. An ware ababen hawa na shaƙatawa daga ciki, gida mai taya kuma ya raɓa ta wannan kafa. Da gardama ta yi yawa kan inda iyakar take, sai ma'aikatar ta fitar da bayani a ƙarshen 2018, ya fara aiki a Janairun 2019, inda ta wajabta wa kamfani ya manna sanarwa a kicin ɗin kowane sabo cewa an yi shi ne don shaƙatawa kawai, ba don ya zama mazaunin mutum na ainihi ba. Masu saye kan karanta takardar su cire ta su jefar. Kamfanin inshora da ma'aikatan ƙaramar hukuma kuwa da ita suke aiki.

Waɗanda abin ya fi yi wa amfani su ne masu yin wani irin cin rani. Tsofaffin da suka yi ritaya a Minnesota ko Michigan ko lardunan Kanada kan gudo wa ƙanƙara, su sauka a Yuma da Apache Junction a Arizona, ko kwarin Rio Grande a kudancin Texas, ko Florida, su yi wata huɗu zuwa shida su koma. A arewa kuma akasin haka ake yi: iyalai na ajiye nasu a sansanonin bakin tafki a Wisconsin da Michigan, waɗanda galibi ake buɗewa a Mayu a rufe a Oktoba. Kamfanonin sansani irin su KOA su ma suna sayen su, su yi musu ado da katako, su ba da haya kwana-kwana. Ga duk waɗannan, abin ya yi daidai, domin kowannensu yana da wani gidan da zai koma.

Kada tayoyin su yaudari kowa. Duk abin da faɗinsa ya wuce ƙafa 8 da rabi ba ya hawa titin Amurka sai da izini na musamman, don haka babbar mota da ƙwararren direba ake ɗauka, wani lokaci har da motar rakiya. Idan an iso, a ɗora shi kan tubala, a daidaita shi, a ɗaure shi da ƙasa da ɗamarar ƙarfe, a haɗa ruwa da wuta da bututun bahaya. Yawancinsu ba su da tankin tara ruwa ko na ƙazanta kamar motocin yawon shaƙatawa, saboda haka ba a kai su daji a ajiye. Daga baya mai shi ya ƙara baranda, ya ƙara ɗaki a gefe, irin wanda a can ake kira ɗakin Arizona. Daga nan kuma batun ɗauke shi ya zama na rushe-rushe.

A nan ne gizo ke saƙar, domin ƙasar da gidan ke kai yawanci ta mai sansani ce. Mai saye ya mallaki ginin, amma fili haya yake biya, wata-wata ko shekara-shekara, ko yana nan ko ba ya nan. Idan aka ƙara kuɗin fili, zaɓinsa uku ne: ya biya, ya sayar, ko ya nemi motar ja da sabon wurin da zai karɓe shi, alhali sansanoni da dama ba sa karɓar tsoho. Mai wannan rubutu ya sha duba gida lafiyayye, rufi ba ɗigo, wayoyin wuta tsaf, amma ya ba mai saye shawarar ya janye bayan sun karanta yarjejeniyar fili tare. Wata ta ba mai sansani ikon ƙin amincewa da duk wanda za a sayar wa gidan nan gaba. Wata ta hana ba da haya. Wata ta ƙayyade watannin da za a iya kwana a ciki. A ganinsa, wanda ya ɓata awa biyu yana duba kicin ya kamata ya ɓata huɗu a kan wannan takarda, amma da wuya a samu mai yin haka.

Akwai kuma batun shekaru. Da yawa daga cikin sansanonin Arizona da Florida na 'yan shekara 55 zuwa sama ne. Dokar tarayya ta 1995 ta ba su damar ƙin karɓar iyalai masu yara, muddin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na gidajen da ake zaune ciki suna da mutum ɗaya da ya kai wannan shekaru. Magidanci mai ƙananan yara da ya hango araha a irin wannan wuri, ƙofa a rufe take gare shi tun kafin a yi maganar kuɗi. Wanda kuma ya ce zai sayi filinsa ya ajiye, sai ya fara tambayar ƙaramar hukuma, domin a wurare da yawa dokar tsara gari ta hana zama na dindindin a cikin abin hawa na shaƙatawa.

Ta fuskar kuɗi ma, takardar mallakarsa a yawancin jihohi irin ta mota ce. Banki ba ya ba da bashin sayen gida na shekara 30 a kansa. Bashin abin hawa ake bayarwa, mai gajeren wa'adi da kuɗin ruwa mai yawa, abin da Musulmi mai gudun riba zai so ya sani tun da wuri. Darajarsa kuma takan ragu da tsufa, sai dai idan sansanin da yake ciki wuri ne da ake rububi.

Sai yanayi, wanda shi ne ke kawo wa mai duba mafi yawan aiki. A arewa, kafin a rufe sansani dole a zuƙe ruwan bututu gaba ɗaya, a hura iska a ciki, a zuba maganin hana daskarewa a magudanai. Wanda ya yi sakaci, ruwan da ya saura zai daskare ya fasa bututu, ba zai sani ba sai ya dawo ya kunna famfo. A Arizona matsalar zafi ce, wanda kan haura digiri 45 a watan Yuli. Masu tafiya kan bar bokitai cike da ruwa a ɗaki don kada katako ya bushe ya tsage, su rufe bakin masai da leda don kada ruwansa ya ƙafe wari ya shigo. Florida kuwa guguwa ce. Lokacin da guguwar Ian ta afka wa yankin Fort Myers a watan Satumban 2022, sansanonin da ke bakin teku na cikin wuraren da suka fi shan ɓarna, kuma a jihar mazauna irin waɗannan gidaje na cikin waɗanda ake fara umarta su fice ko da an ɗaure gidan da kyau.

Shi mai duba yakan fara ne da neman hatimin ƙungiyar masana'antun, RVIA, kusa da ƙofa, ko wata shaida da ke nuna ƙa'idar da aka bi. Daga nan ya shiga ƙarƙashi da tocila: ɗamarar ƙarfe ta yi tsatsa ko tana nan, tubala sun nutse ko suna daidai, ɓeraye sun yaga shimfiɗar da ke tare sanyi ko ba su taɓa ba. Ya hau rufi ya duba mahaɗar ainihin gidan da ɗakin da aka ƙara, domin nan ne ruwa ya fi shiga, kuma sau da yawa an yi ƙarin ne ba da izinin hukuma ba. A ƙarshe ya nemi mai sayarwa ya kawo takardar mallaka, a gwada lambar da ke jikinta da wadda aka buga a shasi, sannan a je ofishin sansani a ji ko akwai bashin kuɗin fili a kansa.