Amsoshin Tambayoyinku: Takardar Lodin Jirgi ta Kwamfuta

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari a Kano yana tambaya: idan takardar lodin jirgin ruwa ta koma ta kwamfuta, me zai hana mazambaci ya sayar wa mutum biyu kwantena ɗaya?

To Alhaji, ka taɓo inda ake yi wa ciwo. Wannan takarda ba rasit ba ce kawai, duk wanda ta koma hannunsa shi ke da ikon karɓar kaya a tashar jirgi. Ko a zamanin takardar hannu an sha yin wannan cuta. A 2014, a tashar Qingdao ta ƙasar Sin, an gano an jinginar da kaya ɗaya na tagulla da alminiyom ga bankuna daban-daban da takardun sito na bogi.

A 2017 hukumar dokokin cinikayya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCITRAL, ta fitar da dokar koyi kan irin wannan takarda ta kwamfuta. Sharaɗinta shi ne a iya tantance takarda ta asali, ta kasance ƙarƙashin ikon mai ita shi kaɗai, kuma kowane sauyi ya bar sawu. Da zarar ka miƙa wa wani, ikonka ya yanke nan take. Bahrain da Singapore sun ɗauki dokar, Birtaniya ma ta yi tata dokar a 2023.

Amma fa hoton takarda da aka turo maka ta WhatsApp ba ya cikin wannan lissafi, kowa na iya kwafarsa. Kafin ka biya, sa bankinka ya tabbatar da kamfanin jirgin cewa an mayar da ikon takardar da sunanka a manhajar da suke aiki da ita.