Abin da Muke Kira Sa'a

Karatu: Littafin Rut, sura 2, sura 4:1-17

Ya kai mai karatu, sau nawa ka ce, "Yau na yi sa'a," ko kuwa, "Kwatsam sai na gamu da wane"? Kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, bari in ba ka labarin wani abin da na gani da idona ina yaro.

Na tashi a wani ƙaramin gari a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ƙasar manoman albasa, a Jamhuriyar Nijar. Irin garin nan ne da idan baƙo ya sauka da hantsi, kafin azahar kowa ya san gidan da ya shiga. A bakin tasha akwai wani dattijo mai facin taya, yana aikinsa a gindin dogon yaro. Halinsa ɗaya ya ishi mutane, wato tambaya. Ba ya barin baƙo ya wuce sai ya ji daga wane gari yake, ɗan gidan wa ne. Mu yara mukan yi masa dariya. Manya kuma sukan ce, da yana faci yadda yake tambaya, da tuni ya yi kuɗi.

A shekarar 1984 damina ta ƙi, hatsi bai yi ba, dabbobi suka yi ta mutuwa. A shekarar ce kuma Najeriya ta rufe iyakokinta, shi ya sa mutanen Nijar suka laƙaba wa wannan yunwa suna El Buhari. Manyan motoci suka riƙa wucewa cike da mutanen arewa masu neman abinci. Wata rana tayar ɗaya daga cikinsu ta fashe daidai gaban mai faci. Fasinjoji suka sauko. A cikinsu akwai wata mace da goyo, daga wani ƙauye na ƙasar Tawa. Mijinta ya rasu, ba ta kuma san inda za ta ba. Ta dai biya kuɗin mota iyakar inda kuɗinta suka kai.

Dattijo ya fara halin nasa. "'Yata, daga ina?" Ta faɗi sunan ƙauyensu. "'Yar gidan wa?" Ta faɗi sunan mahaifinta, ta ce shi ma ba ya da rai. Sai dattijo ya ajiye tayar, ya yi shiru. Ashe shekaru kusan talatin da suka wuce, yana saurayi yana yawon talla, zazzaɓi ya kayar da shi a wannan ƙauyen. Mutumin nan ne ya kai shi zaurensa, ya yi jinyarsa wata guda, bai karɓi ko dala ba.

Ta ce, "Baba, ni ban san ka ba." Ya ce, "Ni kuwa na san tuwon gidanku. Sauko da kayanki." Ta zauna tare da matarsa har damina ta zagayo. Abincin gidan ba shi da yawa, amma aka raba. Gari duka ya ɗauka, ana cewa yarinyar nan ta yi sa'a. Shin sa'a ce kawai?

Littafin Rut ma labarin ƙaramin gari ne. Baitalami ba ta da nisa da Urushalima, wajen kilomita 10 kudu da ita, kowa kuwa ya san kowa. Yunwa ta kori Elimelek da matarsa Na'omi da 'ya'yansu maza biyu zuwa ƙasar Mowab. A can mazan uku duka suka mutu. Bayan wajen shekara 10 Na'omi ta komo, ba ta da kowa sai surukarta Rut, mutuniyar Mowab. Ga abubuwa uku da za mu lura da su.

1. Allah yana aiki ta wurin ƙananan abubuwa. A cikin littafin nan ba a raba teku ba, mala'ika bai bayyana ba, wuta ba ta sauko daga sama ba. Matan nan biyu sun iso daidai farkon girbin sha'ir. Rut ta fita kala, ba ta san gonar kowa ba, sai ƙafarta ta kai ta gonar Bo'aza, dangin Elimelek. A ranar kuma Bo'aza ya fito daga gari ya zo duba masu girbinsa. Da ya tafi ƙofar gari don ya daidaita maganar aurenta, sai ga dangin da ya fi shi kusanci yana wucewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, mutum zai ce haɗuwa ce kawai. Amma dubi ƙarshensu: Rut ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi sarki Dawuda. A Matiyu sura 1, sunan baƙuwar nan yana cikin asalin Yesu Almasihu.

2. Shirin Allah ya sami kowa a bakin aikinsa. Rut ba ta zauna a ɗaki tana jiran sa'a ba. Ta yi kala tun safe har yamma, ta sussuke, ta sami sha'ir wajen garwa guda. Bo'aza kuwa ya yi biyayya. Dokar Allah a Littafin Firistoci 19:9-10 ta hana manomi ya girbe gonarsa ƙaƙaf, ta umarce shi ya bar wa matalauci da baƙo rabonsu. Da Bo'aza mai rowa ne, da Rut ta shiga gonarsa ta fita hannu wofi. Haka mai facin garinmu. Taya ta fashe a gabansa, gaskiya ne, amma da bai saba kula da baƙo ba, da motar ta tashi da matar nan, ba wanda ya san kome. Mahaifinta ma bai san yana yi wa 'yar da bai haifa ba tukuna tanadi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

3. Ba kullum ake gane hannun Allah nan take ba. Sa'ad da Na'omi ta komo, ta roƙi matan gari su daina kiranta da sunanta, su kira ta Mara, wato mai ɗaci. Tana ganin ba abin da ya rage mata, alhali Rut tana tsaye kusa da ita. Wataƙila kai ma yau haka kake ji. Kada ka bi boka ko mai duba don neman sa'a, kada kuma ka ɗauki kowane abin da ya faru a matsayin alama. Ka riƙe Maganar Allah, ka yi aikin da ke gabanka da aminci, ka bar masa sauran.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a garinku akwai baƙon da ba wanda ya tambaye shi daga ina yake. Akwai gwauruwar da ke jiran a bar mata kala. Mai yiwuwa ne taimakon da take roƙon Allah yana cikin rumbunka.

Tambayoyi don nazari
1. Wace haɗuwa ce a rayuwarka ka ɗauka sa'a ce, daga baya ka ga hannun Allah a ciki?
2. Mene ne kalar da za ka iya bar wa wani a wannan mako: hatsi, kuɗi, ko lokacinka?
3. Wane baƙo ne a unguwarku ko a ikkilisiyarku ba ka taɓa gaisawa da shi ba?

Addu'a
Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ba abin da ke faruwa da mu ba da saninka ba. Ka gafarta mana inda muka ba sa'a yabon da ya kamace ka. Ka buɗe idanunmu mu ga baƙon da ka kawo ƙofarmu, ka kuma buɗe hannunmu gare shi. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.