Kafin ka taya mota a Guangzhou

Tun da ƙasar Sin ta buɗe ƙofar fitar da motoci na hannu a 2019, dillalanmu da yawa sun karkata can, kuma kusan kowa da tafinta yake ciniki. Shawarata, ko da tafintanka amintacce ne, ka riƙe wasu kalmomi a bakinka.

Fara da gaɓa ɗaya: chē (车), wato duk abin hawa mai ƙafa. A kanta ake ɗora sauran. Qìchē mota ce, huǒchē jirgin ƙasa, chūzūchē tasi. Motar gida, wadda ba ta haya ba kuma ba ta ofis ba, ita ce sījiāchē (私家车): sī na kashin kai, jiā gida, chē mota. Harafin q a wannan rubutu kusan c ɗinmu yake fita, don haka kar ka ce "kiche".

Bahaushe yana da sa'a a nan, domin kunnen da ke raba kukan yaro da kukar miya ya saba da karin sauti. Mǎi, murya ta nutse ta taso, saye ne. Mài, murya ta faɗo lokaci guda, sayarwa ce. Ka yini kana maimaita waɗannan biyun.

Kalmomin da za su tsare maka jari su ne na aibin mota. Èrshǒuchē ita ce ta hannu. Shìgùchē wadda ta taɓa haɗari. Wadda na fi jin tsoro ita ce pàoshuǐchē (泡水车), motar da ambaliya ta jiƙa. Kudancin Sin wuri ne na ruwan sama da guguwa, kuma irin wannan mota sai an sauke ta a Kano wayoyinta za su fara rikici. Ka tambaya da bakinka, kana kallon fuskar mai sayarwa. Wajen kayan gyara ma haka: yuánchǎng na kamfanin asali ne, fùchǎng na wani kamfani daban, chāichējiàn kuwa an kwance shi ne daga jikin wata mota.

Sai lissafi. Sinawa da wàn (万) suke ƙirga manyan kuɗi, wato 10,000. In aka ce maka bā wàn, yuan 80,000 ake nufi. Tafiyar mota ma haka: shí wàn gōnglǐ kilomita 100,000 ne. A sa a rubuta maka adadin a waya kafin ka ce ka saya.

Sunayen da ka sani ba za ka ji su ba: Toyota Fēngtián ce, Honda Běntián, Marsandi Bēnchí, BMW kuma Bǎomǎ, "doki mai daraja". Ka kuma dubi lamba, chēpái. Shuɗiya ta mai shan fetur ce, koriya ta lantarki ko mai haɗa caji da fetur, sai ka tuna yanayin wutar unguwarku kafin ka taya. In ka ga 粤A a farkonta, rajistar Guangzhou ce.