Haruffa Huɗu Ba Su Isa Su Yanke Wa Mutum Hali Ba

Wannan batu na gwajin hali a waya ya ishe ni. Saurayi ya turo hoton sakamako, wai shi INTJ ne, wadda zai aura ESFP ce, ko zaman zai ɗore? Yarinya ta zo tana kuka, an sa rana an kai kaya, wani mai ba da shawarar aure a TikTok ya ce jininsu ba zai haɗu ba, yanzu tana neman a fasa. Jama'a, ba a raba aure a kan haruffa huɗu.

Gwajin da ke ba da waɗannan haruffa, yana raba mutane gida 16, sunansa Myers-Briggs. Wata mata a Amurka, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers ne suka tsara shi a shekarun 1940, bayan sun karanta littafin da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya fitar a 1921. Babu ɗayarsu da ta yi karatun halayyar ɗan Adam a matsayin sana'a. Babban aibin gwajin shi ne yana tsaga mutane biyu: ko kai mai son jama'a ne ko mai son kaɗaici. Kamar a ja layi a bango a ce wanda ya wuce shi da ɗan yatsa dogo ne, wanda ya gaza da ɗan yatsa gajere ne, alhali yawancin mutane a kusa da layin suke. Shi ya sa mutum kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya tarar haruffansa sun canja.

Za ka ce ai abin da ya faɗa a kaina daidai ne. To, a 1948 wani malami, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya miƙa wa kowa takarda a matsayin bayanin halinsa shi kaɗai. Da aka ce su ba ta maki, matsakaicinsu ya haura 4 cikin 5. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin duba taurari ya tsinto jimlolin. Wa za a gaya wa yana da baiwar da bai gama amfani da ita ba ya musa?

Abin da masana suka fi aminta da shi yau ma'aunai biyar ne: son sabon abu, tsari da riƙon amana, son cuɗanya, sauƙin kai, da saurin shiga damuwa. Kowa yana da kowanne, sai dai wani ya fi wani. Binciken tagwaye ya nuna kusan rabin bambancin gado ne, sauran kuma rayuwa ce. Muna cewa hali zanen dutse, amma an bi mutane shekara da shekaru an ga yawanci suna ƙara natsuwa da tsari idan sun manyanta.

Ko waɗannan ma'aunai ba a yanke hukunci da su su kaɗai. Gwaji irin MMPI-2, mai tambayoyi 567, ƙwararre ne ke fassara shi, bayan ya zauna da mutum ya ji tarihinsa. Kuma kada a manta da Turanci aka rubuta su, a kan Turawa aka fara auna su. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya, wadda ba ta ɗaga murya gaban manya, idan aka tambaye ta ko tana yawan magana a taro za ta ce a'a. Je ka gan ta a tsakar gida ranar kamu, ita ce ke riƙe da wurin. Masu kamfanonin da ke sauke gwaji kyauta daga intanet suna tace masu neman aiki da shi, wannan lalaci ne, kuma zalunci ne. Su zauna su yi wa mutum tambayoyi kan aikin, su gwada shi a aikace.

Sai batun sirri. Ta hanyar irin wannan wasan gwaji ne aka kwashe bayanan mutane da yawansu zai iya kai miliyan 87 a Facebook, abin da ya fallasa a 2018 kan kamfanin Cambridge Analytica. Duk gwajin da ya nemi izinin shiga shafinka, rufe shi.

Mai neman aure ya koma ga binciken da iyaye suka saba. A tambayi maƙwabta, da wanda ya yi tafiya da shi, da wanda kuɗi ya taɓa haɗa su. A duba yadda yake idan ransa ya ɓaci, da yadda yake magana da mahaifiyarsa da yaran shagonsa. Idan kuwa halin mutum ne ya sauya farat ɗaya, ya daina barci, ya shiga zargin kowa, ko faɗa ya hana shi zama da iyali da wurin aiki, wannan ba na waya ba ne. A kai shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, likita ya duba shi.