Yadda Ake Sauya Rariyar Tankin Fetur a Tsohuwar Akori-kura

Tsohuwar akori-kura takan tashi lafiya da safe, ta yi silo tsaf, amma da an ɗora mata kaya an nufi hawa sai ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu. A jira minti goma, a murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Da yawa sukan auka wa kafireto ko famfon mai, a kwance a ɗaura, ciwo yana nan. Sau da yawa mai laifin yana kwance can ƙasan tanki: wata 'yar rariya mai kama da safar jariri, wadda aka cusa a bakin bututun da ke zuƙo fetur. Idan tsatsa da dauɗa suka lulluɓe ta, famfo ya ja ya ja, mai ya ƙi zuwa. Da inji ya mutu, jan ya saki, dauɗar ta zube, hanya ta ɗan buɗe, shi ya sa motar ke sake tashi.

Za mu ɗauki misali da Chevrolet C10 ta Amurka, ƙirar 1967 zuwa 1972, wadda masu son tsofaffin motoci a can suke ji da ita. Tankinta yana cikin ɗakin direba, a tsaye bayan kujera, yana cin kusan galan 20, wato wajen lita 76. Sai a ƙirar 1973 kamfanin ya fitar da shi waje, gefen shasi. Zaman tankin a ɗakin direba ya sa aikin ya zo da sauƙi, tunda ba sai an shiga ƙarƙashin mota an sauke tanki ba, amma ya ƙara haɗari, domin tururin fetur yakan taru a cikin ɗaki.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar da ciwon. A zare tiyon da ke shiga famfon mai, a sa wani gajere daga jarka mai fetur mai tsabta. Idan inji ya ɗauki totur ba tari, to matsalar tana baya, tsakanin famfo da tanki. A duba murfin tanki da hanyar shaƙar iskarsa, da tiyon roba ko ya tsage yana jan iska. In duk lafiya suke, saura rariya. Wasu kan hura iskar kwamfaresa ta bututu zuwa tanki don a buɗe hanya. Hakan yakan yi aiki na 'yan kwanaki, amma yakan fincike rariyar gaba ɗaya, dauɗa ta samu hanya har cikin kafireto.

Kayan aiki ba su da yawa: sabuwar rariya daidai da kaurin bututu, wanda yakan zama inci 5/16 ko 3/8, sabon zoben roba na bakin tanki, tiyon mai da kilif-kilif, sifanu, filaya, sukurdireba, guduma, sandar tagulla, jarkoki, tsumma, mita mai auna waya, da tukunyar kashe gobara a kusa da hannu.

Mataki na farko, a fitar da mota fili inda iska ke kaɗawa, a buɗe ƙofofin biyu, a cire kan batir na nagatif. Ba sigari, ba walda, ba janareta a kusa. Tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke saurin kamawa, domin tururi ne ke fashewa. Sai a zuƙe man da famfon hannu zuwa jarka. Kada a ja da baki.

Na biyu, a kwance kusoshin kujera a fitar da ita. Za a ga wani faifan ƙarfe a jikin tanki daga sama, waya da bututu suna fita daga cikinsa. Shi ne kan na'urar da ke gaya wa geji yawan mai, kuma bututun zuƙo fetur a jikinsa yake. A share ƙurar da ke kewaye da shi sosai, don duk abin da aka bari ciki zai faɗa. A ɗauki hotonsa da wayar hannu tun kafin a buɗe, saboda a tuna yadda yake zaune. A cire wayar geji, a kwance bututu, a toshe bakinsa.

Na uku, zoben ƙarfen da ya danne faifan. A ɗora sandar tagulla a kunnensa, a riƙa bugu a hankali zuwa hagu, ana sauya kunne, har ya saki. Dalilin tagulla shi ne ba ta fitar da tartsatsi. Kurfin ƙarfe a kan ƙarfe a bakin tanki kuwa neman ajali ne.

Na huɗu ne ke son haƙuri. Na'urar doguwa ce, tana da siririn hannu mai ɗauke da ƙwallon da ke iyo a saman mai. Ramin ƙarami ne, don haka a ɗago, a karkata, a juya, har ƙwallon da rariyar su fito ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fizga ya lanƙwasa hannun, gejinsa zai riƙa yi masa ƙarya har abada. A rufe ramin da tsumma mai tsabta.

Yanzu a dubi tsohuwar rariyar, domin ita za ta ba da labarin tankin. In baƙin danƙo ne ya kama ta, fetur ne ya kwana shekaru ya lalace. In jan gari ne, tsatsa ce. A haska ciki da tocila rufaffiya, wadda aka kunna nesa da ramin. Idan ƙasan tanki ya cika da ɓawon tsatsa, sa sabuwar rariya kawai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Dole a fitar da tankin a wanke, ko a sayi sabo. Fetur ɗin Amurka na yau yawanci yana da kashi 10 cikin 100 na itanol, wanda ke jan ruwa, yana kuma cin tsohuwar roba, don haka motar da ke yawan zama ta fi kamuwa.

Na biyar, a murɗe tsohuwar a zare, a goge bakin bututu, a hura shi a ga iska na wucewa. A tura sabuwar har wuyanta ya kama ƙam, tana fuskantar inda ta farko take, yadda za ta kwanta a ƙasan tanki ba tare da ta naɗe ko ta tare hannun ƙwallo ba. Tunda na'urar tana hannu, a gwada ta da mita: ta Chevrolet ta wannan zamani tana nuna kusan om 0 idan ƙwallo yana ƙasa, om 90 idan yana sama. A girgiza ƙwallon kusa da kunne. In an ji ruwa a ciki, ya huje, a sauya shi.

Na shida, mayarwa. A sa sabon zoben roba, kada a maimaita tsoho ko da yana da kyan gani. A zura na'urar yadda ta fito, a daidaita haƙoranta da gurbinsu, a buga zoben ƙarfe zuwa dama har ya tsaya. A haɗa bututu da waya, a sauya tiyon roba da matatar mai ta wajen inji, tunda ita ma ta sha dauɗa.

A zuba lita kamar 20, a mayar da kan batir, a kalli allurar geji. Inji zai ɗan jima yana juyawa kafin famfo ya jawo mai. Kada a mayar da kujera sai an cika tanki an shafa kewayen faifan an ji shi a bushe, ɗakin kuma babu wari. Daga nan a ɗora kaya a nufi hawan nan da take mutuwa a kai. Idan ta haye da totur a ƙasa ba ta yi tari ba, aiki ya yi. Sai a riƙa ajiye ta da tanki cike, domin a sararin da babu mai ne raɓa ke taruwa ta haifi tsatsa.